Ƙusar Bango

Lamela ne ya kira ni bayan isha'i:
"Albashi ya faɗo, fito mu sha iska.
An buɗe sabon waje kusa da tsohuwar kasuwa,
zo ka ga yadda Gombe ta waye."
Na ce masa, ka san ni ba na sha.
Ya ce, "Wa ya ce ka sha? Zo ka zauna."

Mai keke ya sauke ni a bakin ƙofar gilashi.
Ciki ƙananan fitilu sun yi jerin gwano a sama,
kujeru masu ƙafar zalɓe,
tebura na katakon akwatin kaya, an kankare, an shafe.
Abin da muke hura wuta da shi a da,
yau shi ne ado.

Rifkatu, haka aka rubuta a ƙirjin rigarta,
ta dire masa koriyar kwalba tana gumi,
ni kuma zoɓo da ƙanƙara,
an soka masa yankan lemo a bakin kofi,
an raɗa masa sunan da harshena ya ƙi ɗauka.
Dubu biyu da ɗari biyar.
Na ce a raina, Inna Dudu ta Jekadafari,
da kin san darajar abin da kike ƙullawa a leda!

Can kusurwa samari na musun ƙwallo
kamar gadon ubansu ake rabawa.
Wata ta ɗauki hoton kofinta sau huɗu
kafin leɓenta ya taɓa shi.
Ma'aikacin banki ya sassauta igiyar wuya,
tsire a hagu, waya a dama.
Kiɗa ƙasa-ƙasa, sanyi na ratsa riga.
Lamela na ba ni labarin gonarsa ta Kaltungo,
yadda ruwan farko ya yaudari masara,
yana dariya, ina dariya,
har na manta ni baƙo ne a wurin.

Sai aka ɗauke wuta.

Ihu, fito, wani ya zagi kamfani.
Wayoyi suka buɗe ido ɗai-ɗai,
hasken ɗaya ya bi bango, ya wuce, ya dawo,
ya tsaya kan wata ƙusa
mai lanƙwasasshen kai, gefen ginshiƙi.
An yi mata fenti tare da bangon,
an saƙala mata igiyar fitilu.

Na ƙirga: taku biyar daga ƙofa,
ginshiƙi, tagar gabas da aka toshe da bulo.
Ashe.
Shagon Baba ne, mai gyaran rediyo.
A nan yake rataye hularsa idan rana ta take,
a nan ƙaurin dalma ke kama mana tufafi,
ni kan gwangwanin madara, riƙe da tocila,
yana cewa, "Haska cikin akwatin, Gidaɗo,
ba fuskata ba ce ta lalace."
Shekara ashirin da shida.
Sau nawa na wuce ta titin nan ban waiwaya ba?

Janareto ya yi tari, ya kama.
Fitilu suka dawo, kiɗa ya ɗora daga inda ya tsaya,
aka ci gaba da rabon gado a kusurwa.
Lamela ya dube ni: "Lafiya, mutumina?"
Na ce ƙanƙara ce ta taɓa mini haƙori.

Na tashi, na ratsa tsakanin tebura,
na cire hulata, na ɗora mata.
Ta riƙe.
Rifkatu ta buɗe baki za ta yi magana,
ta dubi furfurata, ta fasa.

Na koma kujerar zalɓe kai ba hula.
"Ƙaro zoɓon nan," na ce,
"ko nawa ne."